Ruwan Kwarin Rema

Injin niƙa ne ke tashe ni yanzu. Yana bayan katangarmu, kuma mai shi ba ya jiran gari ya gama wayewa, da an idar da sallar asuba sai ya ja igiya. Ƙarar har cikin haƙora take shiga. Ba na faɗa da shi, abincinshi yake nema. Sai dai duk ranar da ya tashe ni nakan kwanta ina tuna ƙarar da na taso da ita. A ƙauyenmu, can tsakanin Karofi da hanyar Kurfi, dutsen niƙa ne ke buɗe gari. Gida ɗaya zai fara a hankali, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito duk unguwa ta ɗauka. Kowace mace da irin hannunta. Kana kwance za ka gane wadda ta tashi da fushi da wadda ta tashi da ciwon baya. Wasu na waƙa a kai, wasu numfashi kawai za ka ji. Kusan duk dutsen da ke kuka a ƙauyen nan, da na Kuki, da da yawa cikin na Dutsin-Ma, daga hannun gidanmu ya fito. Mu masu saran dutse ne. Yau in na faɗa wa yaro haka sai ya ɗauka tsakuwar gini nake nufi.

Ni ba mai magana ba ne. Tun ina ƙarami Baba ke kirana Bebe, sunan ya bi ni har furfura. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ga yunwa, na binne mutanena da yawa, har da waɗanda ya kamata a ce su za su binne ni. Ba don a ji tausayina nake faɗa ba. Abin da ya wuce ya wuce. Wuri ɗaya ne ya ƙi fita daga raina, shi ne Kwarin Rema.

Kwarin yana yamma da mu, cikin duwatsu, tafiyar yini biyu ga mai jaki. Babu gari kusa da shi. Duwatsu ne dogaye baƙaƙe suka yi zobe, da tsaga ɗaya da ake shiga ta ciki. Dutsen wurin yana da kaifi, ba ya saurin sulɓi, mace za ta daɗe tana niƙa kafin ta nemi a koɗa mata shi. Kakanninmu ne suka gano shi. Da an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, sai mu ɗora wa jakuna mangala mu kama hanya, da Baba, da yayanshi da muke kira Baffa, da mu samarin gida. Hanyar ba ta ɓatar da kowa. Akwai wata korama da ke fitowa daga cikin kwarin, da rani yashi ce zalla, fari, mai faɗi. Ita muke bi tun daga bakin daji har ciki. In ƙishi ya kama mu sai mu tona yashin da hannu mu tarar da ruwa mai sanyi. Ba mu san wata hanya ba, ba mu taɓa neman wata ba.

A ciki mukan kafa bukkoki mu zauna har zafi ya fara. Mu tara itacen marke da ƙirya a kan falalen dutse, mu cinna wuta ta yini tana ci, sannan mu share garwashin mu kwara ruwa. Sai ka ji dutsen ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya ɓare. Daga nan aiki ya koma na guduma da ƙarfe. A sassaƙa uwar dutsen, a sassaƙa ɗan da ake niƙa da shi a kanta, a koɗa fuskar. Aikin yana cin hannu, yana cin ƙirji, amma abin da ya fi ci shi ne ido. Ɓarɓashi na tashi, hayaƙi na shiga, rana na dukan dutse tana dawowa fuska. A gidanmu tsofaffi kaɗan ne suka mutu suna gani. Mun ɗauki abin kamar yadda manomi ya ɗauki kanta a tafin hannu.

Kwarin da muka sani busasshe ne. Ciyawa ja, itatuwa tsirara, rema zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar masu karɓar haraji, bika na ihu daga sama suna gangaro da tsakuwa. A can ƙurya akwai wani bangon dutse da ya fi giginya tsawo nesa ba kusa ba, da wani baƙin zane tun daga samanshi har ƙasa. A gindinshi akwai rami mai faɗi mai santsi, cike da busasshen ganye, bayan ramin kuma ɗan kogo. A ramin nan muke cin tuwon rana, in zafi ya yi yawa mu fake a kogon. Mun san ruwa ne ya yi zanen nan. Amma a gidanmu kaf, daga kakanni har mu, babu wanda ya taɓa ganin ruwan. Lokacin da yake zuba, mu muna gona.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Yau saurayi na iya barin gona da tsakar damina, ya hau babur ya tafi Dutsin-Ma kallon ƙwallo, babu mai cewa uffan. A zamaninmu, daga ranar shuka har ranar da damin ƙarshe ya shiga gida, namiji ba mallakin kanshi ba ne, na gandu ne, babbar gonar gida da kowa ke yi wa aiki. Baffa ne mai gandunmu. Shi ke cewa yau gonar fadama, gobe ta tudu. Biki sai kaka. Ziyara sai kaka. Ciwo ma in bai kwantar da kai ba, sai kaka. Jana'iza kaɗai ke fitar da mutum daga gona, ita ma da an rufe kabari a koma. Ba mugunta ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna, ya san dalili.

Wata Bafillatana ce ta sa wa Baba abin a rai, tun ina tasowa. A kasuwar Kuki ta zo sayen dutse. Tana shafa fuskar dutsen da tafin hannu ta tambayi inda aka saro shi. Da Baba ya faɗa mata sai ta yi dariya.

"Can muke damina da shanu," in ji ta. "Kai da rani kake zuwa?"

"Da rani."

"Ashe gawar wurin ka sani. Ba ka taɓa ganinshi da rai ba."

Baba ya ce, "To Goggo, dutse za ki saya ko gori kika zo yi mani?"

"Duka biyun," ta ce, ta zauna a kan dutsen kamar ta riga ta biya, ta ba shi labarin ruwan da ke faɗowa daga saman bangon nan fari tas, da ƙarar da ke hana saniya jin kiran mai ita. Baba ya dawo gida yana maimaitawa. Daga nan duk shekara sai ya ce wata damina zai je. Damina ta zo, gona ta riƙe shi, ya ce ta gaba.

Shekarar da na yi aure yanar ido ta kama shi. Na hagu ya fara mutuwa. Na dama ya rage, yana gani kamar ta cikin tsumma. An sa tozali, an ɗiga ruwan ganye, an sha rubutu. Da bazara yana gane mutum daga bakin zaure. Da aka yi shuka sai ka matso kusa. Da aka shiga noman farko ya fara sare gero yana barin ciyawa, Baffa ya karɓe fartanyar ya ce ya zauna gindin ɗorawa ya riƙa tsawata wa awaki. Kafin marka, haske da duhu kawai yake rabewa, sai abu in ya yi girma ƙwarai.

Wata rana muna shan furar rana a gindin ɗorawar nan, Baba ya ce, "Yaya, zan je Kwarin Rema."

Baffa bai ɗago daga ƙwarya ba. "Allah ya kai mu kaka."

"Ba kaka ba. Jibi."

"Da wane ido?"

"Da ragowar. Shi ya sa na ce jibi."

"Gidan wa dutse ya ƙare da za a saro shi cikin marka? Wuta ma ba za ta kama ba."

"Ba dutse zan saro ba. Ruwan zan gani."

Baffa ya ajiye ludayi. "Ruwa. Ga shi nan yana dukanmu safe da yamma, rigata ta manta yadda bushewa take. In ruwa kake son gani, sai in sa a kawo maka a kwatarniya."

Samari suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya bari suka gama.

"Idon nan ba zai kai kaka ba, Yaya. Ni ke cikinshi, na sani. Ko ya kai, ruwan ba zai kai ba."

"Noman maimai bai ƙare ba, ga huɗar dawa na jira, ciyawar harƙiya ta rufe gyaɗa. Kai dai gona ta sallame ka, je inda kake so. Amma ba zan cire maka hannu ko ɗaya daga aiki ba."

Na ce, "Ni zan kai shi."

Kowa ya juyo, don ba a saba jin muryata cikin mutane ba. Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Makaho da bebe za su kallo. In kun dawo wa zai ba mu labari?" Sai kuma fuskarshi ta canza. "In ka tafi, babu mai taɓa maka rabonka na gandu. Da ranakun gayaunarka za ka biya shi."

Gayauna ita ce 'yar gonar da mutum ke nomawa don kanshi, a ranakun da gandu ya sake shi. Ni gyaɗa na shuka a tawa, da ita zan tufatar da amarya. Abin da Baffa ke nufi shi ne ciyawa za ta cinye ta ina kallo. Na ɗauki fartanyata na koma aiki.

Matata ta ji labari a bakin rijiya kafin in iso gida. Na tarar tana ɗaure ƙullin fura da ƙuli-ƙuli.

"An ce za ka kai Baba ganin ruwa."

"Haka ne."

"Gyaɗar fa?"

"Ciyawa."

"Zanen sallata ke nan ciyawa za ta ci."

"Shi ne."

Ta ja ƙullin ta ƙara matse shi. "To ka riƙe shi da kyau. In ka dawo ba gyaɗa ba Baba, gidanmu zan tafi."

Muka fita da sassafe, Baba a kan jaki, ni ina ja. Tun daga ƙarshen gonakin gari na fara jin kamar baƙo. Dajin da na sani ja ne, ana hango nesa. Wannan kore ne, a rufe, yana ɗiga. Alamomin da na saba da su duk ganye ya haɗiye. Baba na saman jaki yana shaƙar iska yana faɗar sunayen itatuwa da ƙamshinsu, yana daidai ya fi yana kuskure. Washegari da hantsi muka fara jin wani ruri a gaba. Na ɗauka iska ce. Da muka ɓulla bakin korama sai na tsaya cik.

"Me ya faru?" in ji Baba. "Mene ne ke ƙara haka?"

"Hanya ce."

"Wace hanya?"

"Tamu. Ta cika."

Jan ruwa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, yana gudu, yana juya kututture kamar kara. Yashin da muka saba takawa yana can ƙasa inda ko raƙumi ba zai taɓo ba. Daga ni har Baba, har Baffa da ya yi ta kawo dalilan hana tafiya, babu wanda wannan ya faɗo wa a rai. A wurinmu korama hanya ce, ba mu taɓa saninta da wani aiki ba.

Baba ya fara dariya har tari ya sarƙe shi. "Tun ina yaro nake tona ruwa a cikinta," ya ce, "ban taɓa tambayar kaina ruwan da zan je gani ta ina yake fita ba."

Muka gwada bin gaɓa. Gamba ta fi ni tsawo, sarƙaƙiya ta yayyage mani ƙafafu, jaki ya nutse a laka har ciki, sai da na sauke Baba na ciro shi da wutsiya. Da la'asar muka isa tsagar da ake shiga kwarin. Ruwa ya cika ta bango zuwa bango, ko kare ba zai sami wurin sa ƙafa ba. Ga hadari ya haɗo. Muka raɓe gindin wani dutse aka zuba ruwa a kanmu.

Da ya tsagaita Baba ya ce, "Mu koma, Bebe. Na ji ƙararshi, ya isa. In ka yi sauri za ka ceci wani abu a gyaɗarka."

"Gyaɗa ta tafi."

"Taurin kai irin na uwarka."

"Ba ji muka zo yi ba."

Kukan shanu ne ya cece mu. Na bi shi ina jan jaki har muka faɗa wata ruga a kan tudu. Mata na tatsa, hayaƙi na fita daga bukkoki. A ƙofar wata bukka Baba ya yi tuntuɓe da dutsen niƙa, ya durƙusa ya shafa gefenshi, ya ce, "Wannan nawa ne." Wata tsohuwa ta leƙo, ta daɗe tana dubanshi.

"Mai dutse," ta ce. "Sai yanzu? Da idonka na aiki ba ka zo ba."

"Gona, Goggo."

"Ku da gona kamar akuya da turke. Wane ne wannan mai fuskar shanu?"

"Ɗana ne. Ba ya magana."

"Ya huta."

Ta ba mu nono mai ɗumi da wurin kwana. Da safe ta raka mu da kanta har gindin wani hawa a bayan rugar. Ta ce mu bar jakin, ba zai iya hawa da mutum a bayanshi ba. Ta ce turbar shanu ce, ta bi kafaɗar dutse ta gangara ciki, mu bi kashin shanu ba zai yaudare mu ba, kuma mu fito kafin ruwan yamma, don in dutsen ya jiƙe sabulu ne.

Inda hanya ta yi sauƙi na riƙe sandarshi yana bina. Inda ta miƙe na goya shi. Mutumin da na sha gani yana ɗaga uwar dutse shi kaɗai ya ɗora wa jaki, sai na ji bai kai nauyin guda ɗaya ba. Numfashinshi na bayan kunnena, yana ta cewa in bi a hankali, wai ba don shi ba, don matata.

Da muka kai ƙoli na sauke shi, na duba ƙasa. Na daɗe a duniya bayan wannan, na je wurare, ban sake ganin irinshi ba. Kwarin nan da na sani kamar tafin hannuna, ban gane shi ba. Kore ne iri-iri, wani mai duhu, wani mai haske kamar sabon ganyen tsamiya. Kowane dutse na zubar da siririn ruwa, suna haɗuwa a ƙasa suna walƙiya cikin ciyawa. Itatuwan da na ɗauka matattu ne sun yi lema. Wani jan fure ya bi gefen bango ya hau. Shanu a can ƙasa ƙanana kamar farin wake da aka watsa. Gajimare ya sauko ya kwanta a wuyan duwatsu, tsuntsaye na shiga cikinshi suna fita. Inda muke kafa bukkoki babu ko alama. Falalen da muka ƙona muka ɓare sun tara ruwa, sama na ciki. A can ƙurya, inda baƙin zanen yake, babu zane. Farin abu ne tsaye tun daga sama har ƙasa, gindinshi na tashin tururi kamar tukunya, ƙararshi ta cika wurin har kana jin ta a ƙirji.

"Me kake gani?" in ji Baba.

"Kore."

"Sai me?"

"Ruwa."

"Allah ya haɗa ni da kai," ya ce. "Ɗauke ni mu sauka."

Muka sauka, muka ratsa ciyawa mai jiƙa har kusa da ƙurya. Ya ce in ajiye shi zai tsaya da ƙafarshi. Ya tsaya, ya karkata kai yana bin ƙarar, ya juya a hankali har ya fuskanci bangon hagu. A jikin bangon nan akwai wani dogon farin tabo, ƙarƙashin inda ungulaye ke kwana. Ya ƙura mashi ido. Fuskarshi ta saki.

"Ga shi," ya ce. "Tubarkalla. Fari tas, yadda ta faɗa."

Na tsaya ina dubanshi. Da na yi shiru, shi ke nan, da mun juya yana murna, kuma shiru ba ya yi mani wuya. Amma ban goyo shi na hau dutse don wannan ba.

"Baba, kashin ungulu ne."

Bai motsa ba.

"Ruwan na bayanka. Dutse ne ke maido da ƙarar."

Na kama kafaɗunshi na juya shi. Ya buɗe idon iya buɗewa, ya sa hannu ya ja fatar, ya matsa gaba, ya dawo. Ranar babu rana, sama fari, tururi fari, komai ya haɗe mashi wuri ɗaya. Ya daɗe yana nema. Sannan ya lalubi dutse ya zauna.

"To," ya ce. "Ashe mun makara."

Ban taɓa jin muryarshi haka ba, ko ranar da aka karɓe mashi fartanya. Na dubi ruwan, na dubi inda yake faɗawa. Ramin da muke cin tuwo ya zama tafki. Sai na tuna kogon da ke bayanshi, da yadda in kana ciki da rani, bakin kogon ke haske har ya kashe maka ido.

Na ce, "Tashi. Cire riga."

Na goya shi na shiga tafkin. Sanyin ya kama ni kamar an ɗaure mani ƙirji. Ba na ganin ƙasa, feshi na dukan fuskata. Shi ne ya zama idona. Ya san ramin nan a bushe tun kafin a haife ni. Yana ihu a kunnena, bi dama akwai tudu, nan akwai tsaga ɗaga ƙafa, raɓi bango. Ruwa ya kai mani wuya, sannan ya fara raguwa. Muka kutsa ta gefe inda zubar ba ta da ƙarfi, ta doke mu a ka kamar an sako buhu, sai ga mu cikin kogo.

Ciki duhu ne. Na sauke shi na juya shi ya fuskanci waje. Daga nan babu sama, babu tururi. Duhu ta ko'ina, a tsakiya kuma ruwan, haske na ratsa shi daga baya.

Can ya ɗaga hannu a hankali ya sa tsakaninshi da ruwan, ya buɗe yatsu, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Bebe," ya ce, "ga hannuna."

Ya sauke hannun. "Yana motsi. Yana saukowa. Kamar ana warware farin ƙyallen sawaye ba ya ƙarewa."

Ni ban yarda da sauri ba, bayan abin da ya faru a waje. Na sa baki a kunnenshi na ce, "Ina ya fi kauri?"

Ya nuna hagu. "Nan. Can sama kuma ya rabu biyu, akwai baƙin abu a tsakani. Hancin dutsen nan ne da muke rataye gora."

Haka ne. Hancin dutsen ne.

Muka zauna a wurin. Ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya ci gaba da kallo. Jikinshi na rawar sanyi, haƙoranshi na haɗuwa, na taɓa shi ya ture hannuna. Sai da hasken ya fara raguwa, na san hadarin yamma ne, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Mu je."

Gyaɗa ta tafi kamar yadda na faɗa. Na biya gandu ranakunshi. Matata ta yi salla da tsohon zane, ba ta tafi gidansu ba. Idon Baba ya rufe gaba ɗaya kafin a yanke gero. Ya rayu shekaru bayan haka a zaure, mata na kawo mashi duwatsu yana koɗa masu da lalube, yana ba su labarin ruwan. Ban taɓa jin ya yi kukan makanta ba.

Sana'ar ta mutu a hannunmu. Inji ya zo Dutsin-Ma, ya zo Kurfi, ya bi ƙauyuka, duwatsun suka koma abin zama a tsakar gida, wasu aka sa su a gindin katanga. Shi ya sa na tsufa da idona, aikin bai samu ya gama da shi ba. Kwarin kuwa an ce masu gawayi sun shiga sun kwashe marke da ƙirya. Daga baya masu bindiga suka zauna dajin, hanyar ta mutu, har zuriyar tsohuwar nan ban san inda suka watse ba. Yau ko da rani babu mai zuwa. Ga ido ina da shi, ga babur a ƙofar gida da zai kai ni cikin rabin yini, babu hali. Duk marka in ruwa ya kwana yana zuba, nakan zauna a zaure in ce yanzu ya cika, yanzu ya rabu biyu a hancin dutse, babu kowa a wurin sai rema.

Baffa bai yi mana magana ba duk sauran daminar nan. Sai ranar da aka gama ɗaurin dawa, ana gyara mangala don tafiyar rani, ya shigo zaure ya zauna kusa da Baba. Ina bakin ƙofa ina ɗinkin buhu.

"Gobe za mu shiga kwarin," ya ce.

"Allah ya kiyaye hanya."

Baffa ya ciro goro yana juya shi a hannu.

"Wai da gaske ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Yaya yake?"

"Ka san inda muke cin tuwon rana? A nan na tsaya, a bayan ruwan."

"Yaya yake, na ce. Mata kana ba su labari."

"Mata ba su da hanyar zuwa, shi ya sa. Kai idonka biyu, ƙafarka biyu, Yaya. Ka bi turbar shanu, kada ka bi korama."

Baffa ya ɓare goron, ya sa rabi a tafin Baba.

"Baɗi," ya ce. "In maimai ya zo da sauƙi."

Maimai bai taɓa zuwa da sauƙi ba. Ya yi ta shiga kwarin da rani har ƙarfinshi ya ƙare, yana cin tuwonshi a busasshen ramin nan, ƙarƙashin baƙin zanen. Wani lokaci nakan ga ya ɗaga kai yana kallon sama, lomar na hucewa a hannunshi.